Yadda ake zaman ɗaukar hoton mutum a natse

Yawancinmu a wurin mai hoton fasfo muka fara zama gaban kyamara. "Ɗaga kai. Rufe baki. Kar ka motsa." Ƙyas, an gama, na baya ya matso. Tun daga ranar jiki ya haddace karatun: da an ɗaga kyamara sai kafaɗa ta hau sama, wuya ya sandare, ido ya kafe kamar na wanda aka tare a shingen bincike. Shi ya sa za ka ga dattijo mai barkwanci, wanda majalisa ba ta daɗi sai ya zo, amma duk hotunansa na gida fuska a murtuke, kai ka ce bashi ake binsa.

Zaman da zan yi bayani a nan, aikinsa warware wannan sandarewar. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, awa ɗaya ko biyu, a ƙarshe a fita da hoto uku ko biyar waɗanda duk wanda ya san shi zai kalla ya ce, wallahi shi ne. Yawancin abin da na sani a kan kawuna na koya, tsohon tela, wanda na yi wa zama biyu. Na farkon asara ce zalla.

Mataki na farko: je ka gaishe shi, ka bar kyamara a gida

Kuskurena a zaman farko ke nan. Na iso da jaka a kafaɗa, ko zama ban yi sosai ba na ce, "Kawu, hoto na zo in yi maka." Nan take ya shige ɗaki ya ɗauko babbar rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya zauna a kujerar roba ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na ɗauki kusan tamanin. Riga ta fito, hula ta fito, Kawu bai fito ba.

Saboda haka ka fara da ziyara. Ku gaisa yadda ya kamata, ka sha ruwan da aka kawo, ka bar hira ta yi nisa. Kana sauraro kana lura: a ina yake zama idan ba baƙo? Me hannunsa ke yi idan yana magana? Wace magana ce ke sa idonsa ya yi haske, wace ce ke sa shi sunkuyar da kai? Tambayoyi uku nake yawan yi, ba a jere kamar ɗan jarida ba. Wane wuri ne a gidan nan ko a shagon nan ya fi kwanta maka a rai? Wane abu ne ya fi daɗewa a hannunka? Wa kake so ya riƙe hoton nan bayan shekara talatin? Ta ukun ita ce mai nauyi. Amsarta ce za ta gaya maka ko hoton murmushi ake bukata ko na kamala.

A wannan ziyarar kuma ake gama maganar izini, dalla-dalla. Ka faɗi inda hoton zai je: bango ne kawai, ko za ka sa a Instagram da Facebook, ko za ka nuna wa masu neman aikinka. Yarda a ɗauka daban, yarda a yaɗa daban. Idan matar aure ce, ka san al'adar gidan, kuma sau da yawa gara mace 'yar'uwarta ta riƙe kyamarar. Yaro kuwa sai da iznin iyayensa. Wanda ya ce ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, ka bar shi, ba wurin muhawara ba ne.

In mutum ya yarda amma ba ya son fuskarsa ta bayyana, aikin bai mutu ba. J. D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, da yawansu daga ƙeya ya ɗauka, kuma kowane da irin halinsa. Hannu mai lalle a kan faifai, ko yatsun makaɗi a kan tsirkiyar garaya, suna iya ba da labarin mai su.

Mataki na biyu: wurin

Ka zaɓi inda mutumin ya saba, ba inda ya fi tsada ba. Zaure, bakin shago, gindin bishiyar da yake hutawa, ɗakin karatunsa. Ka tsaya inda za ka ɗauka ka dubi bayansa da kyau: igiyar shanya, bokitin roba, wayar lantarki da za ta fito kamar ta tsiro daga hularsa. Ka kawar da abin da ke jan ido, amma kar ka share wurin har ya zama ba nasa ba. A shagon Kawu na cire kalandar siyasa da ledojin ruwa, na bar almakashi da allin awo da guntayen yadi a ƙasa.

In bango bai yi ba, zane ɗaya ya wadatar. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, yana rataya kyalle mai zane a baya, da farko ma mayafin gadonsa ne. Hotunan da ya yi a wannan tsakar gidan yau suna rataye a manyan gidajen adana zane na Turai da Amurka. Abin lura ɗaya: in mutum ya sa atamfa mai hayaniya, ko dai bayan ya zama lafiyayye, ko ka haɗa zane da zane da gangan kamar yadda Keïta ke yi, ka san abin da kake nema. Tsaka-tsaki ne ke ɓata hoto.

Mataki na uku: haske

A nan zan daɗe, don a nan ake cin nasara ko a faɗi.

Ranar ƙasarmu ba ta da sauƙi. Daga hantsi ya ɗaga har zuwa la'asar, tana bisa ka, tana zuba inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, goshi kuma ya yi ta ƙyalli da gumi. Lokutan da take da ladabi biyu ne: da sassafe kafin ƙarfe takwas da rabi, da kuma bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Na yammar ya fi kyau a fata, amma gajere ne ƙwarai, domin mu da ke kusa da tsakiyar duniya rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa. Kana gyara tsayuwa za ka ji ladan ya kira. Ka shirya komai tun da wuri. Lokacin hunturu hazo yakan tace ranar ta yi laushi kusan duk yini, sai dai ƙurar na shiga kyamara, don haka kar ka canza gilashin gaban kyamara, wato lens, a fili.

Amma hasken da na fi so a ƙasar Hausa kyauta ne, kuma yana nan ko da tsakar rana: ƙofar zaure. Ciki duhu, ƙofa ɗaya, haske na shigowa ta gefe guda a tace. Ka zaunar da mutumin taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, inda rana ba ta taɓa shi kai tsaye, ƙofar tana gefensa, ba gabansa sak ba kuma ba bayansa ba. Sai ka ce ya juyo da fuska wajen hasken a hankali. Ka zuba ido a kuncin da ke cikin inuwa. Akwai inda za a kai ka ga wani ɗan haske mai kusurwa uku ya sauka ƙarƙashin idon wannan ɓangaren. Ka tsayar da shi a nan. Masu hoto suna kiran wannan da sunan Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan na ƙarni na 17, saboda haka yake haska fuskokin da yake zanawa. Shi ke fito da tudu da kwarin fuska, ta zama kamar ka taɓa.

Idan ɓangaren inuwar ya yi duhu da yawa, ba sai ka sayi komai ba. Ka sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin mayafi a wannan gefen, hasken ya daki farin ya dawo fuska. Matso da shi, inuwa ta ragu. Ja da shi baya, ta ƙaru. Ni nakan bar ta da ɗan nauyi ga dattawa, in sassauta ta ga yara.

Ka duba ƙwayar idon. In babu ɗigon haske a ciki, ido zai fito kamar a mace komai kyan sauran hoton. Ɗaga haɓa kaɗan ko juyawa wajen ƙofa yana kawo shi. Mai rawani ko malafa sai an ƙara kula, don suna yi wa ido rumfa.

Abubuwa uku da za ka guje wa. Inuwar darbejiya tana da daɗin zama, amma rana na ratsa ganyen ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Rumfar tamfol shuɗi ko kore tana shafa wa fata launinta, mutum ya fito kamar mara lafiya. Sai ƙwan lantarki: in kana aiki da hasken ƙofa ko taga, kashe shi, don launinsu ba ɗaya ba ne, rabin fuska zai yi ja rabi ya yi shuɗi. Katangar jar ƙasa kuwa abokiyar aiki ce, hasken da take mayarwa yana ƙara wa baƙar fata armashi. Filashin da ke kan kyamara, ka manta da shi a irin wannan zama.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Ba su da yawa. Kyamara da gilashi ɗaya mai lamba 50mm ko 85mm, batir biyu a cike tunda ba a dogara da wuta, memori wanda ba komai a ciki, da ƙyallen goge gilashi. In waya ce a hannunka, ta isa. Sai dai babban idon waya mai faɗin gani ne, in ka matsa kusa da fuska yana kumbura hanci ya tura kunnuwa baya. Ja da baya taku uku, ka danna 2x ko 3x. Ka kashe duk wani saitin gyaran fuska da wayar ke zuwa da shi, sannan ka goge idon da bakin riga, don yawancin hazon da ake gani a hoton waya maiƙon yatsa ne.

Mataki na biyar: saiti, tun kafin ya zauna

Ka gwada da wani, ko da yaron da ke riƙe kwali ne, don kar wanda za ka ɗauka ya zauna yana kallon ƙeyarka kana latse-latse.

Buɗin idon kyamara, wanda ake rubutawa da harafin f: ƙaramar lamba na nufin ido a buɗe sosai, haske da yawa, baya ya narke. Da f/1.8 bayan zai yi laushi, amma kaifin siriri ne, ido ɗaya zai iya fita ɗayan ya dushe. Na fi natsuwa da f/2.8. In kana son shagon ko ɗakin ya shiga labarin, ka je f/4 ko f/5.6. Saurin ƙiftawar idon kyamara kar ya gaza 1/125 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe, in mutumin mai yawan motsa hannu ne ka kai 1/250. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi 100 zuwa 400 a waje, a cikin zaure kuma kar ka ji tsoron 800 ko 1600. Babbar lamba na kawo tsakuwa-tsakuwa, amma hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi hoto mai rawa. Ka ɗora kaifin a kan idon da ya fi kusa da kai. In kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara daga baya, kunna shi.

Ga wata matsala tamu ta musamman. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka. Baƙin mutum cikin farar shadda, kyamara za ta ga farin ya yi yawa ta rage haske, riga ta fito daidai fuska ta nutse. Sai ka ƙara da hannunka, daga +0.3 zuwa +1, kana duba fuskar. Amma ka tsaya kafin aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat, don mai aska takwas ba zai yafe maka ba in ɗinkin ya ɓace. A zaure mai duhu akasin haka ke faruwa, sai ka rage. Wannan gardama tsakanin kyamara da baƙar fata tsohuwa ce: a zamanin fim, katin da ake daidaita launi da shi a wuraren wanki, shekara da shekaru hoton farar mace ne a kai.

Mataki na shida: zaman kansa

Ka sa a ranka cewa minti goma sha biyar na farko na zubarwa ne. Ka ɗauka duk da haka, don kunnensa ya saba da ƙarar, amma kar ka sa rai. Fuskar fasfo ce za ta fara zuwa, sai ta gaji ta tafi.

Ka zauna, kar ka tsaya a kansa. Kyamara daidai tsayin idonsa, ko ƙasa kaɗan in dattijo ne, domin ɗaukar babba daga sama yana ƙanƙantar da shi, kuma ko a ido ba ladabi. In kana da abin kafa kyamara, kafa ta ka fito da fuskarka daga bayanta, ya riƙa ganin mutum yana magana da shi.

Kar ka ce "yi murmushi", kar ka ce "saki jikinka". Ba wanda ya taɓa sakin jiki don an umarce shi. Ka ba hannunsa aiki: carbi, kofin shayi, allo, abin sana'arsa. Keïta yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami har da babur don masu zuwa su riƙe ko su jingina, amma a irin namu zaman abin mutum na kansa ya fi na aro. In za ka gyara zama, ka nuna a jikinka ya kwaikwaya, kar ka kama kan mutum kana juyawa, balle mace. Gyaran ma kaɗan ne: kafaɗa ta ɗan karkace daga kyamara, ya ɗan ranƙwafo gaba kamar mai sauraro.

Sannan ka koma hirar da kuka fara ranar ziyara. A zama na biyu ban ce wa Kawu komai game da hoto ba. Ya zauna a kan kekensa da tsohuwar rigar aikinsa, tef a wuya. Na ce, "Kawu, wai wa ya fara ɗora ka a kan keke?" Ya fara ba ni labarin maigidansa, yadda ya shekara yana ɗinka maɓalli da guga kafin a bar shi ya taka. Ya yi dariya, na ɗauka. Ya kai inda maigidan ya rasu, sai ya yi shiru, hannunsa a kan kan keken, yana kallon ƙofa. Na ɗauki biyu, na sauke kyamarar.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar ba ta amsawa sai an yi mata shiru. Wannan shi ne abin da ya fi wuya a koya. In ka yi tambaya ya amsa, kar ka yi saurin cike gurbin da wata maganar. Ƙirga biyar a zuci. A cikin wannan ɗan tsakanin ne fuska ke komawa yadda take in ba kowa. Haka ma dariya: tsakiyarta baki a wage ido a rufe, ba kasafai take kyau ba. Wutsiyarta ake jira, lokacin da take sauka ido ya buɗe amma fara'ar ba ta gama tafiya ba.

Akwai masu tsokano fuska da ƙarfi. A Disambar 1941 a Ottawa ta Kanada, mai hoto Yousuf Karsh ya zare ƙatuwar tabar cigar daga bakin Winston Churchill, Firaministan Birtaniya na lokacin, ba tare da izini ba, ya ɗauki hararar da ta biyo baya, hoton ya zagaye duniya. Labari ne mai daɗi, amma ban ba ka shawarar fizge carbin Alhaji ba. Kuma in hira ta kai mutum ga hawaye, ka sauke kyamara. In ka riga ka ɗauka, shi ke da ikon cewa a ajiye ko a goge.

Kar ka riƙa nuna masa allon kyamara bayan kowane ɗauka. Da ya ga kansa zai fara gyaran hula da tsotse ciki, ku koma gidan jiya. In ya matsa, nuna masa ɗaya mai kyau a tsakiyar zama don hankalinsa ya kwanta. Ka canza nisa sau uku: ɗaya da wurin gaba ɗaya, ɗaya daga ƙugu zuwa sama, ɗaya fuska kaɗai, ka ƙara da na hannuwa. In an kira salla ku tashi, sau da yawa ma bayan an dawo ne jiki ke sakewa. Da ka ga ya fara duban agogo, ka ce an gama. Amma kar ka rufe kyamarar tukuna, domin numfashin da mutum ke saukewa in ya ji an gama yakan ba da hoton da aka yini ana nema.

Mataki na bakwai: zaɓe

Ka kwafe hotunan wuri biyu a daren, sannan ka bar su kwana biyu ko uku. In ka zaɓa da zafin zaman, daɗin hirar za ka zaɓa, alhali mai kallo bai ji hirar ba. Zagayen farko ka fitar da masu rawa da masu rufaffen ido. Na biyu ka rage zuwa goma sha biyar. Na uku zuwa biyar. In biyu sun yi kama, ɗaya ya tafi, ko da ranka na so.

Mataki na takwas: gyara, da taƙaitawa

Lightroom a kwamfuta ko Snapseed a waya sun isa. Daidaita haske, daidaita launi har farar riga ta zama fara, yanke gefen da ba ya aiki. Ƙurjin da ya fito jiya zai tafi jibi, kana iya cire shi. Amma tsagen gado, furfura, tabon salla a goshi, layukan da shekaru suka zana, waɗannan ba datti ba ne. Abin da ya fi ci mini rai a hotunan bikin yanzu shi ne bilicin da ake yi wa mutane da kwamfuta, a mayar da baƙa fara, a goge fata ta zama kamar roba, har uwar amarya ta kasa gane 'yarta. In wanda aka ɗauka ya roƙi a haska shi, nakan nuna masa biyun gefe da gefe in faɗi ra'ayina, in ya dage in yi kaɗan, don fuskarsa ce.

Baƙi-da-fari yana taimako in launukan wurin suna faɗa da juna, ko in hasken ne gwanin hoton. In kuwa launin na cikin labarin, kamar shuɗin da ya kama hannun marini, ka bar shi.

Mataki na tara: wanke shi, ka kai da kanka

Hoton da ke cikin waya yana tafiya ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Ka wanke aƙalla ɗaya, inci 8 da 10 ya isa bango. Ka fara gwada ƙarami, don takarda takan fito da duhu fiye da allo. Mara ƙyalli ta fi dacewa da fuska, kuma ba ta riƙe shatin yatsa. A baya ka rubuta da fensir sunan mutumin, garin, da shekarar, kuma a rataye shi inda rana ba ta dukansa.

Na kai wa Kawu guda uku a ambulan bayan sati biyu. Ya ɗaga na dariyar ya ce wannan na Inna ne. Na babbar riga, wanda na haɗa da shi daga zaman farko don kar ya ce na yi masa rowa, ya ajiye gefe bai ce komai ba. Na ukun, wanda yake kallon ƙofa, ya daɗe riƙe da shi. Can ya ce, "Kai, ashe haka na tsufa." Sai ya miƙa wa yaron shagonsa ya ce a samo ƙusa, a kafa shi saman keken, daidai inda kalandar nan take a da.